Barkonon da Hannah Ta Kawo

"Kaɗan fa za ki sa, Maman Al-Amin," in ji Hannah, tana zazzaga mata 'ya'yan a tafin hannu. "Wannan ba barkonon kasuwar Durumi ba ne. Oga ɗinmu daga China yake kawo shi."

Juwairiyya ta dube su. Jajaye ne, ƙanana kamar masoro, kowanne ya tsage baki. Ƙamshinsu kamar ɓawon lemon tsami.

"Kin tabbata zai maye gishiri?"

"Ba na ce zai zama gishiri ba. Amma bakin mutum zai farka."

Hannah maƙwabciyarta ce, tana aiki a kicin ɗin wani gidan abincin 'yan China. Ta katanga take jin yadda kullum kwano ke fitowa daga ɗakin Badaruddeen, mijin Juwairiyya, kamar yadda ya shiga.

Tun da hawan jini ya kayar da shi a shagonsa na yadi, ɓarin damansa ya shanye, likita ya hana shi gishiri da dunƙule. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun sai rawa. Da hagu ba zai ci ba, a ba shi a baki kuwa ya ce shi ba jariri ba ne. Cokali biyu, sai ya juya fuska bango. Mutumin da a da yake cika ƙofa, yanzu jallabiyarsa kamar an rataye ta a ƙusa.

Juwairiyya ta gasa 'ya'yan a busasshen kasko yadda aka koya mata, ta daka, ta tankaɗe. Ta soya tsokar kaza da citta da tafarnuwa, ta barbaɗa garin, ta zuba a kan shinkafa. Don zumuɗi ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ba ta kuma gaya masa komai ba, kada ya ƙi tun daga jin suna.

Ƙamshin ne ya fara juyo da shi. Ya karɓi cokali na farko, ya karɓi na biyu, har na biyar. Zuciyar Juwairiyya kamar ta fito ta yi guɗa.

Sai ya tsaya. Ya kai hannun hagu ya taɓa leɓensa. Idanunsa suka firfito.

"Juwairiyya... ya dawo."

"Me ya dawo?"

"Bakina. Minjirya yake yi. Haka ya fara ran nan." Ya fara kalmar shahada, ya damƙe zaninta da ƙarfin da ta manta yana da shi. "Ki yafe mini. Wayyo Allah, ban shirya ba! Al-Amin ko yaye shi ba a yi ba. Ni fa ban gaji da ganinki ba."

Ta ɗauki waya za ta kira mai mota, sai idonta ya faɗa kan kwanon. Ta cika cokali ta kai bakinta, ta tauna, ta jira. Can sai harshenta ya fara zir-zir, leɓɓanta suka yi nauyi kamar ba nata ba.

"Baban Al-Amin, ni ma nawa ya mutu," ta ce, hawaye na zuba. "Barkonon ne. Na 'yan China ne, Hannah ta ba ni. Ɗaga hannun na gani. Faɗi sunana."

Ya ɗaga, ya faɗa, sarai. Duk da haka sai da ta gwada jininsa da na'urar da ke gefen gado, ta ga bai hau ba.

Suka zauna, kowa na sauraren bakinsa, har abin ya fara sakinsu. Daga bakin titi ana kiran sallar azahar.

"Kin kusa kashe ni da tsoro," ya ce a hankali.

"Kai kuma wata nawa kana kashe ni da shi?"

Ya daɗe yana kallon hannunsa na dama da ke kwance a cinyarsa. Ta tattara kwanon za ta fita da shi.

"Ajiye," ya ce. "Kawo ruwa ki wanke mini wannan hannun. Da shi zan ci, ko da zai kai mu magariba."