Wayoyi Huɗu

Ruwan shuka ya sauka a Toranke ranar Talata, bayan shekara biyu ana fari. Laraba da hantsi, irin gyaɗar da manoman garin suka yi karo-karo suka saya yana tashar Gaya, buhu goma sha huɗu a bayan a-kori-kurar Inuwa, motar kuwa ta ƙi tashi. Laima ba ta wuce kwana biyu a jigawa.

Saboda wannan tafiya Inuwa ya sayo sababbin fulogi huɗu da wayoyinsu. Da yake mai son tsabta ne, sai ya zare tsofaffin wayoyin gaba ɗaya, ya goge inji, ya jera sababbin bi da bi. Yana murza makulli motar ta yi tari, ta buga kamar bindiga. Bakaniken tashar ya tafi Kano.

Kulu mai fura ce ta ce a kira Baba Bunu, tsohon direban soja da ya makance shekara shida baya. Inuwa bai so ba, amma ya je ya riƙo masa sanda.

Bunu ya laluba wayoyin, ya tambayi wanda ya jera su. Inuwa ya ce shi ne.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu," in ji Bunu. "Ɗan nan, ai ba ajin firamare ba ne. Wuta ba ta bin layi."

Ya kwance fulogi na farko, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa aka juya inji a hankali har iska ta ture yatsan. Daga nan ya sake jeri: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Tartsatsin da masu ido ke dubawa, shi da hannu ya gwada shi. Ya riƙe bakin kowace waya, aka murza makulli, wutar ta fizgi kafaɗarsa, fuskarsa ba ta motsa ba. A ta uku ya ce ba ta cije shi ba. Ya kankare bakinta da wuƙa, ya sake riƙewa, ya gyaɗa kai.

Murzawa ɗaya motar ta tashi, sautinta sumul. Inuwa ya durƙusa zai yi godiya.

"Tashi ka tafi," in ji Bunu. "Ƙasa tana bushewa."

Inuwa ya ja motar. Bunu ya tsaya ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta ɓace a hanyar Ajingi.