Hannun Kawu Isiyaku

Kawu Isiyaku ya daɗe yana ban-ruwa a gonakin Kura kafin ciwon gwiwa ya mayar da shi kan injin cika leda a wata 'yar masana'antar shinkafa. To mutumin da ya saba in ruwa ya yi yawa ya toshe, in ya yi kaɗan ya buɗe, ina zai iya zama ya zuba ido? Leda ta fito da ɗan nauyi, ya murɗa kunnen ƙarfen da ke rage zubar shinkafa. Ta gaba ta fito sakayau, ya mayar. Haka yake wuni, gumi sharkaf.

Kwatsam dillalin da ke sayen shinkafarsu daga Kano ya dawo da kaya. Kilo biyar kowace leda aka yi da shi, ya yarda da ɗan sama ko ɗan ƙasa, amma wasu ledojin sun wuce iyaka, wasu ba su kai ba. Alhaji Dalhatu, mai masana'antar, ya ce Kawu ya je gida ya huta.

Nafisat, 'yar ƙanwar Kawu, ita ke duba ingancin kaya a wurin, kuma da kafiya kamar mutanen farko. Ta tari Alhaji a bakin mota.

"Ranka ya daɗe, a ba ni safiya ɗaya. Har yau ba mu san iyawar injin nan ba, don ba a taɓa barinsa ya yi aiki shi kaɗai ba. In ya gaza, ni ma in bi Kawu."

Alhaji ya ce ta je, bakinta ya ja mata.

Washegari ta kira Kawu, ta ajiye masa benci nesa da injin.

"Kawu, don Allah yau kada ka taɓa."

"Ke 'yar nan, ina kallo yana kuskure?"

"Kowane inji yana ɗan lilo, Kawu. In ka bi kowace leda da gyara, ƙara masa lilon kake yi."

Ni da nake gefe ina kallo, wallahi ya ba ni tausayi. Leda ta fito ba nauyi, ya zabura, Nafisat ta harare shi, ya koma ya tura hannuwa ƙarƙashin cinya. Ita kuwa tana aunawa ɗaya bayan ɗaya, ita ma ba ta da tabbas.

Kafin azahar magana ta fito. Ledojin duk kansu ɗaya, sai dai gaba ɗayansu sun ɗan karkata ƙasa, dab da iyaka.

"Yanzu murɗa, Kawu. Sau ɗaya tak."

Ya murɗa a hankali. Allurar sikeli ta dawo kan biyar, ta riƙa zama kusa da nan leda bayan leda. Alhaji ya duba, ya ce Kawu ya ci gaba da aikinsa.

Nafisat ta juyo da murna, sai ta ga Kawu bai yi dariya ba. Tafin hannunsa yake kallo.

"Ashe duk wahalar nan da nake sha," in ji shi a hankali, "ni nake ɓata wa mutane kaya."