Iyafis Mai Roba

"A'a Baba, wannan na kunnen hagu ne. Juya shi."

Nababa mai kayan waya ya miƙo hannu ta saman teburinsa ya gyara wa Baba Obed iyafis ɗin. Tsohon ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran allura, hannunsa riƙe da 'yar wayarsa mai madannai wadda aka ɗaure bayanta da roba. Ni kuwa na baro rumfar daddawata a hannun maƙwabciya, sai hararar rana nake yi, don na san tsohon nan ba ya sayen ko allura sai ya ji tarihinta.

Baba Obed maƙwabcina ne, ƙofar ɗakinsa na kallon tawa. Bagwari ne daga wani ƙauye can bayan Randagi. Shekara da shekaru yayana Malam Salmanu yana sayen masara da doya a hannunsa, har ciniki ya zama zumunci. Da mutanen daji suka tashi ƙauyen, Yaya bai yi shawara da kowa ba ya share masa ɗakin da muke ajiye buhuna a gidanmu na Magajin Gari. Matar Baba Obed, Comfort, ba ta daɗe ba bayan zuwansu ta rasu. 'Yarsu Rebecca tana aure a Kaduna, ta yi ta yi ya koma wurinta ya ƙi, wai daga nan ya fi jin ƙamshin gonarsa.

Abin da ya rage masa na ƙauyen nan shi ne waƙoƙin da ke cikin mimorin wayarsa. Wani ne ya ɗauke su a wurin biki, matan zumunta na cocinsu suna rerawa da Gwaranci, Comfort ce ke bayarwa suna amshi. Kullum da hantsi zai fito da kujerarsa bakin ƙofa ya ƙure murya, wayar tana ƙara kamar ana soya gyaɗa a cikinta. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma har na iya inda Comfort ke tsayawa ta ja numfashi.

To, bakin mutane. Aka fara tsokanar Yaya a ƙofar masallaci, ana tambayarsa ƙarfe nawa ake buɗe coci a gidansa. Da wasa aka fara, daga baya wasan ya daina kama da wasa. Yaya mutum ne mai kunya, ya kwana biyu yana juya maganar, sannan ya same ni ina tankaɗe.

"Kadijatu, ba zan iya ce masa ya kashe ba. Kuma in aka ci gaba a haka, ban san inda maganar za ta kai mu ba. Kar wata rana a ce sai ya bar gidan."

"To Yaya, ba ga abin nan da samari ke cusawa a kunne ba?"

Abin da ya kai mu teburin Nababa ke nan. Baba Obed bai yi musu ba da na faɗa masa. Ya dai ce bai san waƙar tana damun kowa ba, a ba Malam haƙuri.

Nababa ya fara da mai tsada, kamar kowane ɗan kasuwa. Ya fito da wasu 'yan ƙanana farare marasa igiya a cikin akwatinsu.

"Wannan bulutut ne, Baba. Sai dai yana son caji."

"A garin da wuta sai ta ga dama?" na ce. "Wayar ma da kyar yake kai ta shagon caji. Mayar da abinka."

Ya ɗauko wani ƙato mai hawa kan kai. Baba Obed ya gwada, ya dubi fuskarsa a gilashin teburin ya fashe da dariya.

"Yaran unguwa su ce na zama direban jirgin sama. Cire mini."

Aka dawo kan masu araha guda biyu, duka masu igiya. Ɗaya fale-fale ne, yana zama a bakin kunne kawai. Ɗayan yana da 'yar roba mai laushi da ke shigewa ciki ta toshe.

"Gaskiya zan faɗa muku," in ji Nababa. "Masu zuwa gona wannan fale-falen suke saya, kuma kunne ɗaya suke sawa. Ɗayan a bar shi a buɗe saboda ƙarar babura daga daji. Mai robar nan kuwa ya fi daɗin sauti, amma in ka cusa shi, ko ganga ake bugawa a ƙeyarka ba ka ji."

Baba Obed ya juya fale-falen a tafin hannunsa. "Ni dai na fi son wanda in an yi mini magana zan ji."

"Sa mu gani," na ce.

Ya sa, ya kunna. Na matsa kusa da shi, sai ga muryar Comfort tana tsiyayowa siririya kamar kukan sauro. Ba wanda zai ji ta daga zaure, balle daga masallaci. Amma ni aiki aka ba ni, kuma ina da halin nan na in na kama abu sai na ga ƙarshensa.

"Ina jin ta fa, Baba. Gwada mai robar."

Ya gwada. Idanunsa suka buɗe, ya kama gefen teburin. Da ya yi magana, da ƙarfi ya yi har mai mangwaro ta gefe ta waiwayo.

"Kamar tana tsaye a nan! Har ina jin ƙarar abin hannunta!"

"To ka gani."

Nababa ya sake cewa, "Baba, ka tuna fa, ba ka jin waje."

Tsohon ya zare ɗaya. "Wa zan ji? Gona ai ta riga ta bar ni."

Muka dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta sasanta yaƙi. Yaya ya sa mini albarka. Tsokanar ƙofar masallaci ta mutu, aka koma kan wani.

Sai dai akwai abin da ba mu lissafa ba. A gidanmu gaisuwar Baba Obed aiki ce. In ka ce masa ina kwana, sai ka nemi wurin zama. Zai tambaye ka gajiya, ya tambayi yara da sunayensu, ya tambayi akuyar da ta yi ɗingishi. In ka ce yaya jiki, ba ya cewa da sauƙi kamar kowa, faɗa maka yake yi dalla-dalla: yau gwiwa ce, jiya ƙirji ne ya ɗan riƙe. Muna yi masa dariya a kan haka, amma ta haka muke sanin ranar da za a kai shi kemis da ranar da za a dama masa kunu mai tsami.

Da iyafis ya shigo, sai ka yi sallama ka ji shiru. Ka sake, shiru. Sai ka zo gabansa ka yi ta ɗaga hannu, ya firgita, ya fara laluben kunne, robar ta maƙale, ya ciro, ya nemi madannin kashewa. Kafin ya gama ruwan da ka ɗora ya tafasa. In kuma bai cire ba ya amsa, sai ya kwarma "Lafiya lau!" har kaji su watse, yara su kwashe da dariya. Ya lura da dariyar, ya daina amsawa da baki. Muka koma ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Muka ce ai ya samu abin da yake so, kar a dame shi.

Wata ranar kasuwa da safe na ga ya sa silifas ɗinsa a rabin ƙafa, diddigen a waje. Na ce a raina in na dawo zan tambaye shi ko ƙafar ce ta kumbura. Na dawo a gajiye, na same shi ido a rufe yana gyaɗa kai a hankali, na wuce. Haka aka yi ta yi, yau da gobe.

Ranar da abin ya faru, da hantsi na ajiye masa kwanon ɗumame a gefen kujera. Idonsa a rufe, igiyar ta sauko ta kan rigarsa zuwa aljihu. Na taɓa hannun kujerar, ya buɗe ido ya dube ni. Bakinsa ya motsa. Na ɗauka waƙar yake bi, don yakan yi haka. Na nuna masa kwanon, na ɗaga hannu, na ɗauki tirena na fita.

Yaya ya wuce shi zai tafi azahar, ya ɗaga masa hannu. Ya dawo ya sake wuce shi. Matan gidan sun yi shanya a gabansa, sun kwashe.

Da la'asar na shigo na tarar da kaji sun ture murfin kwanon suna ta tsattsagar tuwon. Rana ta juyo ta haske masa fuska, shi da ba ya yarda rana ta taɓa shi, kullum yana jan kujera yana bin inuwa.

"Baba. Baba Obed!"

Na kama hannunsa na ji shi a sandare, na sake shi. Na ƙwalla wa Yaya kira. Ya fito da gudu ba hula, ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya sa yatsu a hankali ya zare robar daga kunnuwansa ɗaya bayan ɗaya. Wayar ta riga ta mutu, ba caji. Ba wanda ya san tun yaushe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Yaya ya ce. Ya sake cewa, "Na ɗaga masa hannu, Kadijatu. Na ɗauka barci yake."

Mutanen cocinsu na cikin gari suka zo suka ɗauke shi. Yaya ya bi su har inda aka ajiye shi, waɗanda suka yi ta tsokanarsa ma wasu sun zo sun yi masa ta'aziyya a zaure. Rebecca ba ta iso ba sai washegari da rana, don motarsu ta tsaya jiran rakiyar jami'an tsaro a hanya. Bayan an binne shi ta zo kwashe kayansa. Ba su da yawa: tabarma, bargo, fartanya da ya ƙi rabuwa da ita, da Littafinsa Mai Tsarki.

Na shiga taya ta ninke kaya. Ta yi mana godiya har na rasa inda zan sa fuskata. Sannan ta zauna a bakin gadon ta dube ni.

"Anti, me ya ce?"

"Na'am?"

"Kafin ya tafi. Kin san Baba da magana. Duk na kira shi sai ya ce gidan Malam ba a barin mutum ya yi shiru. Ya yi maganata? Ya ce wani abu yana masa ciwo?"

Na shiga laluben maganarsa ta ƙarshe da na ji da kunnena, na koma baya, na sake komawa baya, ban same ta a wannan makon ba, ban same ta a wanda ya gabace shi ba. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, na dube shi ko zai cece ni, ya sunkuyar da kai. Da na zauna minti ɗaya a ranar nan na zare masa abin nan na ce yaya jiki, da ya faɗa mini, don bai taɓa ɓoyewa ba. Wannan abin yana cina har yau.

"Bakinsa ya motsa da safen," na ce. "Ban ji abin da ya ce ba."

Rebecca ta gyaɗa kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

An riga an kai wayar caji an dawo da ita. Ta ɗauke ta daga kan bargon, ta warware igiyar da ta cukurkuɗe, ta goge robar da bakin zanenta. Ta sa ɗaya a kunne ta danna. Can sai ta ɗago ɗayan ta miƙo mini.

Igiyar gajera ce, ba ta kai inda nake tsaye ba. Na zauna a bakin gadon, na matsa har kafaɗata ta taɓa tata, sannan ta kai. Yaya ya juya ya fita a hankali ya bar mana labulen a ɗage. A tsakar gida kujerar tana nan inda take, inuwa ta dawo kanta.