Battar Malam Yahuza

"A hankali, Malam Tukur, kar ka taɓa haɓar," in ji Ummulhairi, matar mara lafiyan.

Tukur ya ɗago maƙwabcinsa Yahuza, ya jingina shi da bangon zaure. Cokali ɗaya na kunu ya ƙi wucewa, ya dawo ta gefen leɓe haɗe da jini. Ciwon daji ya cinye rabin harshen mutumin da duk Likoro ta sani da barkwanci.

Ba tausayi kaɗai ke cin Tukur ba. 'Yarsa Rashida tana auren ɗan Yahuza, ga ta da tsohon ciki. Tun da aka ce a asibiti a Zariya an yanki tsokar ciwon don a binciki ƙwayoyin halittarta, kalma ɗaya ta tsaya masa a rai: gado.

Ranar da likitar da ke binciken ta zo dubiya, Tukur ya tare ta a bakin mota.

"Likita, don girman Allah, jikana zai zo da shi?"

"Baba, kwantar da hankalinka. Mun gwada. A tsokar bakin kawai ƙwayoyin suka lalace, na jinin Malam Yahuza lafiya lau. Ba da shi aka haife shi ba. Garin tabar da yake ɗurawa a leɓe ne ya yi ta ƙona su shekara da shekaru. Shi kaɗai yake ɗurawa?"

Tukur ya sunkuyar da kai. Tun suna samari shi da Yahuza battar taba ɗaya suke buɗewa a bakin gona. In Yahuza ya ɗiba sai ya miƙo masa: "Ungo, matsolo, kai dai ba ka taɓa sayen taka ba."

"Duk mai farin tabo a baki da ya ƙi warkewa, ya zo mana da wuri," ta ce. Kafin ya iya buɗe baki, motar ta tashi.

Ran Laraba da hantsi Yahuza ya cika. Tukur ne ya ɗaure masa haɓa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Ummulhairi ta miƙo wa Tukur wani abu ta bayan labule. "Kafin ya cika ya nuna da hannu, a ba ka."

Battar ce, fatarta ta yi baƙi da gumin hannuwansu biyu.

Rashida ta fito da ruwan 'yan gaisuwa, tana dafe da ƙugu.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, uwata."

Ya damƙe battar a tafinsa. A cikin kumatu, harshensa na ta shafa wani farin tabo da ya fito masa tun farkon damina.