Bututun Lyle da Kututturen Virgil

Shekara huɗu a jere Lyle Brandvold yana hawa duwatsun Montana farautar elk, wannan ƙaton gwanki mai ƙaho reshe-reshe, yana dawowa da bindiga da ciwon baya kawai. Matarsa Darlene ba ta faɗa. Duk shekara sai ta karɓi lasin farautar da bai yi amfani da shi ba, ta jefa a kwanon miya, ta ajiye masa da cokali. A bana kuwa ta yanke hukunci: in ya sake dawowa da lasin ba a tsaga ba, watau bai kashe komai ba, to baɗi war haka yana Arizona gidan yayarta, yana buga karta da tsofaffin mata, yana fita yawo da ɗan karen gidan mai sa riga.

Ranar ƙarshe ta lokacin farauta, da gari ya waye, Lyle ya isa bakin daji ya ƙirga a-kori-kura arba'in da ɗaya. Mutane kamar ranar kasuwa, kowa da falmaran ruwan goro don kada wani ya ɗauke shi nama. A gefe ya ga Virgil Haugen, tsohon maƙwabcinsu mai gurguwar gwiwa, zaune a bayan motarsa yana shan kofi kamar wanda ya zo ɗaurin aure.

Lyle bai nemi shawara ba, amma Virgil bai taɓa jiran a nema ba. Ya nuna dogon bututun robar da ke rataye a wuyan Lyle, wanda ake busawa ya yi kukan namijin gwanki, ya ce ya mayar da shi mota. Ya ce lokacin barbara ya wuce tun wata biyu, mazan sun gaji, sun rame, ba mai neman mace ko faɗa, ciyawa kawai suke so da a ƙyale su.

"Duk kukan da ka ji yau, mutumina, mai shi yana da katin zaɓe," in ji shi.

Sannan ya nuna wani mashigi tsakanin tudu biyu, bai fi tafiyar minti goma daga motoci ba. Ya ce akwai kututture a wurin. Ya ce Lyle ya je ya zauna, kada ya motsa har azahar. Waɗannan arba'in ɗin za su watsu can ƙurya suna haki, naman kuma zai zagayo ya bi ta inda ba kowa, kuma inda ba kowa yau shi ne kusa da hanya.

Lyle ya je ya zauna. Ya ajiye burodinsa mai nama a kan kututturen. Minti ashirin ya yi, sanyi ya shiga masa ta ƙasa, ya fara tunanin kare mai riga. Daga nan sai ya ji shi: kuka mai tsawo, mai kauri, daga can ƙasan kurmi. Ya gaya wa kansa cewa Virgil ya tsufa, kuma ko a cikin gwankaye ba a rasa wanda bai san wata ya wuce ba. Bututun kuwa dama bai mayar mota ba, cikin riga ya cusa shi.

Ya busa. Aka amsa.

Awa uku Lyle yana bin wannan murya. Ya yi rarrafe cikin ƙanƙara, ya faɗa rami har ƙugu, reshe ya ɗauke masa hula. In ya busa da zafi, a amsa da abin da ya fi zafi. Ya ɗauki sanda yana dukan itace don a ɗauka ƙaho yake wasawa, can ma aka shiga dukan itace. Zuciyarsa ta ce wannan ba ƙaramin namiji ba ne, har ya fara auna bangon falo inda zai rataye ƙahon.

Da ya leƙa ta bayan wani faɗaɗɗen gungume, sai ya ga falmaran ruwan goro. Wani ƙaton mutum ne kwance ruf da ciki, gilashin idonsa ya yi raɓa, bututu a baki irin nasa sak, har takardar kanti ba a ɓare ba. Suka dubi juna. Mutumin ya ce sunansa Gordon, likitan haƙori ne daga garin Billings, kuma tun safe yake bin wani namiji da ke nan kusa, don haka a yi magana a hankali.

"Ni ne," in ji Lyle.

Gordon ya ce gaskiya Lyle ya iya, musamman wannan gurnanin na ƙarshe. Lyle ya ce shi ma dukan itacensa ba laifi. Suna cikin yabon juna sai ga kuka na uku daga sama, suka zabura tare, suka kuma zauna tare, domin wanda ya yi kukan ya ƙarasa da tari.

Wajen azahar aka ji harbi ɗaya tak, daga wajen motoci.

Da Lyle ya jawo ƙafa ya iso mashigin, ƙanƙarar wurin ta zama kamar an yi sussuka. Sawun garke ne, ya kai talatin, sun bi ta dama da hagun kututturen, ɗaya ma ya taka burodin. Virgil na zaune a kan kututturen, hannu duk jini, ga namiji mai reshe shida kwance gabansa. Ya ce ya ga wurin ba kowa ne ya ɗan zo hutawa. Ya ce a shekara hamsin bai taɓa ganin kora mai kyau haka ba: busa ta gabas, busa ta yamma, dabbobin suka rasa inda za su sa kansu sai nan.

Lyle ya taya shi fiɗa da ɗauka. Virgil ya ba shi cinya guda da naman gadon baya.

A gida ya shigar da naman firiza da ƙara sosai don a ji. Darlene ta duba, ta yaba, ta miƙa hannu ta ce lasin. Ya laluba aljihu huɗu kafin ya samo shi a na farko. Lafiyarsa ƙalau, ko lanƙwasa babu. Ta ɗora miya.

Ana cikin haka Virgil ya bugo waya, ta ɗauka. Lyle na jin tsohon yana rantsuwa cewa ba don mijinta ba da ko wutsiya bai gani ba, kuma kai irin wannan mutum Arizona asara ce ga unguwa gaba ɗaya. Darlene ta saurara, ta dubi firiza, ta dubi Lyle. Da ta ajiye wayar ta ce ta sake shawara, baɗi zai je dutse.

"Amma bindiga tana nan gida. Bututun kawai za ka ɗauka. Rabin naman namu ne, mun gama magana da Virgil."

Lyle ya buɗe baki, ya tuna da kare mai riga, ya rufe. Ya jawo kwanon, ya ture lasin gefe da cokali, ya tambaya ko akwai gishiri.