Hutun da Ta Yi

Tun cikinta yana ƙarami wata malama take hawa da sauka a matakalar benensu safe da yamma, don ungozoma ta ce hakan na sauƙaƙa naƙuda. Ƙarshenta dai wuƙar likita ce ta fito da yaron.

Ranar da aka sallamo ta, ta tsaya a gindin matakalar dafe da ɗinki, tana hararar ta kamar ƙawar da ta ci amanarta. Sai ga yayar mijinta ta leƙo daga sama.

"Sannu, 'yar gata! Ke kam kin huta, barci kika sha aka miƙo miki ɗa."

Ta ja numfashi za ta zazzaga masifa, ɗinkin ya soke ta kamar ƙusa. Ashe har faɗan ma an hana ta! Ta cije leɓe, ta ture hannun da mijinta ya miƙo mata, ta kama ƙarfen matakalar tana hawa, gumi na tsiyaya.

Da ta kai sama, ta cafko hannun matar ta ɗora kan bandejin.

"Yaya, taɓa hutun da na yi. Ta nan ɗana ya zo duniya, kuma ni na haife shi."