Wa Zai Ɗaga Ƙafa

Shekara arba'in da wani abu muna kiɗa mu huɗu, ba wanda ya taɓa buɗe baki ya rera waƙa. Mijina Elwood ne da goge, ƙanensa Hoyt da banjo mai kama da gurmi, maƙwabcinmu Delmer da jita, ni kuma ina can baya rungume da bas, gogen nan na tsaye da ya fi ni tsawo. Elwood yakan ce muryar Hoyt ko kare ya ji sai ya bar gari, shi ya sa muka bar wa tsirkiya magana.

Makirufo ɗaya muke kewayewa, yadda iyayenmu suka yi a duwatsun nan na Virginia a Amurka. Wanda layi ya zo kansa ya matsa gaba ya zuba nasa, ya ja baya wani ya shiga. Irin kiɗanmu ba shi da ƙarshe na kansa, zagayawa kawai yake yi. Sai Elwood ya ɗan ɗaga ƙafar dama daga ƙasa, kowa ya san zagayen ƙarshe ke nan.

Elwood ya rasu da bazara. Har kaka ta shigo ban taɓa bas ba. Gidan ya yi mini girma, kullum kofi biyu nake haɗawa da safe in zubar da ɗaya.

Rannan Hoyt ya leƙo ta tagar kicin.

"Verna matar yaya, ranar Asabar 'yan kwana-kwana za su dafa wake da burodin masara. Sun ce mu je mu yi musu kiɗa."

"Ba goge?"

"Ba goge. Ke dai fito ki sha iska, kin kusa zama kujerar gidan nan."

"Kai da yatsunka suka fara rawa?"

"Su yi ta yi, ai banjo rawa yake so."

Na je. Da rana tsaka ne, an fitar da motocin kashe gobara waje an jera tebura, tsofaffi sun ɗaure takalman rawa masu ƙarfe a ƙasa. Muka ɗauko kiɗan da Elwood ya fi so. Hoyt ya shiga ya fita, Delmer ya shiga ya fita, da layin Elwood ya zo sai duk su biyun suka ja baya suka buɗe hanya. Ba wanda ya shirya haka, ƙafafunsu ne suka saba. Makirufo ya tsaya shi kaɗai, ba abin da ake ji sai bas ɗina da ƙarar takalma. A cikin wannan gurbin ni dai na ji gogen mijina, har da ɗan kukan da yake sa masa wajen sauka.

Hoyt ya sake shiga, kiɗa ya sake zagayowa. Muka yi ta tafiya, kowannenmu idonsa na ƙasa, daidai inda ƙafar ta saba tsayawa. Masu rawa suka fara haki. Goggo Opal, wadda tun muna yara take rawa a gabanmu, ta dafa ƙugu ta ɗaga murya.

"Hoyt, kashe mu za ku yi? Wake ya huce!"

Hoyt ya karkata wajen Delmer, hannunsa bai tsaya ba. "Ɗaga mana."

"Ni a wa? Kai ne ɗan'uwansa."

"Tawa ta ƙi tashi."

Sai suka juyo suka zuba mini ido.

Ni kuwa ba na so. Muddin kiɗan na zagayawa, layin Elwood zai sake zuwa, in sake jin sa. In na ɗaga ƙafa, gida zan koma, gidan da ba motsin kowa. Na kau da kai na bar shi ya ƙara zagaye ɗaya. Suka sake buɗe masa hanya, na saurare shi har ya sauka.

Sannan na ɗaga.

Muka dire tare, ba wanda ya riga wani. Tafi ya ɓarke, Goggo Opal ta faɗa kan kujera tana fifita da faranti. Delmer ya duƙa wai yana gyara tsirkiya. Hoyt ya zagayo baya ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Verna, sauke ƙafar. An gama."